Kula da Indararon Gida da Hanyoyin Hana Shi Lotsawa

Gabatarwa

Indararo shi ne mazurarin da ke karɓar ruwan sama daga kan rufi, ya kai shi nesa da jikin gini ko kuma ya zuba shi cikin abin tara ruwa. Ƙaramin abu ne idan aka kwatanta shi da kuɗin da ake kashewa wajen tayar da ɗaki, saboda haka sau da yawa masu gida ba su waiwayarsa sai ran da ya lotsa, ruwa ya fara bin bango. A lokacin kuwa gyaran ya wuce na indararo kaɗai, ya haɗa da yaɓe, da katako, da tushen gini, wani lokaci ma har da rayukan masu kwana a ɗakin, musamman inda ginin na ƙasa ne.

An shirya wannan bayani ne domin amfanin magidanta na karkara, da dagatai da masu unguwanni, da ma'aikatan sashen ayyuka na ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu da na asibitocin ƙauyuka. Manufarsa ita ce bayyana dalilan da ke sa indararo lotsawa, da alamomin da ake gane haka tun da wuri, da lokutan da suka dace a duba shi, da kuma yadda ake gyara shi da kayan da ake samu a kasuwannin ƙauye.

Ire-iren indararo

Akwai iri uku da aka fi sani a garuruwanmu da ƙauyukanmu.

Na farko shi ne indararon soro, wanda ake kafawa a jikin rawanin ginin ƙasa mai rufin azara. Wannan gajere ne, yana fitowa daga bango kamar tsawon ƙafa biyu zuwa uku, domin ruwan ya faɗi nesa da katanga. A da ana yin sa da yumɓu gasasshe ko da kututturen giginya da aka tsaga aka rarake, yanzu kuma galibi da fallen kwano ake naɗe shi, wasu kuma su sa guntun bututun roba.

Na biyu shi ne dogon indararo mai bin bakin rufin kwano daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ana yin sa da kwano, ko alminiyom, ko roba, ana kuma rataye shi da mariƙan ƙarfe a jikin katakon bakin rufi. A ƙarshensa akwai bututu mai saukar da ruwa zuwa ƙasa, ko zuwa duro ko tanki. Wannan iri shi ne ya fi saurin lotsawa, kuma shi ne mafi yawan wannan bayani ya shafa.

Na uku shi ne wanda ke kwance a tsakanin rufi biyu da suka haɗu, ko a bayan bangon da ya ɓoye kwano. Ana yawan ganinsa a rumfunan kasuwa, da masallatai, da gine-ginen hukuma. Haɗarinsa shi ne ba a ganinsa daga ƙasa, kuma idan ya toshe ko ya lotsa, cikin ɗaki ruwan yake zuba kai tsaye.

Yawan ruwan da indararo ke ɗauka

Mutane da yawa ba su san nauyin aikin da indararo ke yi ba. Lissafinsa kuwa mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi daidai yake da lita 1, lita 1 ta ruwa kuma nauyinta kilo 1 ne. Ke nan rufin da tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 8, idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a dare ɗaya na watan Agusta, zai zubar da lita 2,400, watau cikin duro 12 masu cin lita 200. A shekarar da aka sami ruwa milimita 800, wannan rufi zai zubar da lita 64,000. Duk wannan ruwa ta indararo zai bi, ko kuwa ya bi jikin bango.

Game da nauyi kuma, indararo mai siffar rabin bututu, mai faɗin inci 5, yana ɗaukar kimanin lita 6 a kowace mita idan ya cika. Mai tsawon mita 10 ke nan zai ɗauki kusan kilo 60, watau ya ɗara buhun siminti ɗaya. Idan kuwa jiƙaƙƙen yashi da taɓo ne suka cika shi, nauyin zai kusan ninkawa. Ba a ƙera indararo domin ya riƙe irin wannan nauyi kwana da kwanaki ba. An yi shi ne domin ruwa ya wuce ta cikinsa da sauri.

Dalilan da ke sa indararo lotsawa

1. Taruwar ƙura da shara. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na sauke ƙura a kan rufi, iskar bazara kuma ta ƙara da yashi, da leda, da karmami. Ganyen darbejiya da na mangwaro da ke kusa da ɗaki su ma cikin indararo suke taruwa. Wanda ke da gawo kusa da gida ya tuna cewa shi gawo da damina yake kaɗe ganyensa, saboda haka sharar da aka yi da bazara ba za ta wadatar ba. Ruwan farko idan ya sauka sai ya kwaɓa wannan tarkace ya zama taɓo mai nauyi, ya toshe bakin bututu.

2. Nisa tsakanin mariƙai. Wasu masu aiki kan rage yawan mariƙai domin rage kuɗi, su bar tazarar mita ɗaya da rabi ko biyu. Tsakanin kowane mariƙi da ɗan'uwansa sai indararo ya yi ciki, ruwa ya kwanta a nan, nauyin ya ƙara ja shi ƙasa, wurin ya ƙara zurfi. Da haka ƙaramar lotsawa ke zama babba.

3. Lalacewar katakon bakin rufi. Mariƙi ba ya da ƙarfin da ya wuce na katakon da aka kafa shi a kai. Idan gara ta ci katakon, ko ruwa ya jiƙa shi ya ruɓe, ƙusa za ta zare da kanta ko da mariƙin sabo ne.

4. Rashin gangara. Indararon da aka kafa a miƙe ba tare da gangara ba, ko wanda gangararsa ta juya baya ga bututu, ba ya tsiyaye ruwa duka. Ruwan da ya kwanta shi ke kawo tsatsa, tsatsa kuma ta cinye ƙarfin kwano.

5. Zafin rana. Indararon roba yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. Guda mai tsawon mita 4 na iya ƙaruwa da kusan milimita 7 ko 8 tsakanin sanyin asuba da zafin azahar. Idan aka buga masa ƙusa ta ratsa shi, ko aka matse mahaɗarsa ba a bar masa wurin motsi ba, sai ya karkace ko ya tsage. Roba maras inganci kuma rana na busar da ita har ta riƙa karyewa.

6. Iskar farkon damina. Hadarin watan Mayu da Yuni kan zo da iska mai ƙarfi, wadda ke girgiza bakin kwano, ta sassauta ƙusoshi. Indararon da ya ga irin wannan iska yana bukatar a duba shi ko da ba a ga ya motsa ba.

7. Ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Jingina tsani a jikinsa, ɗaura igiyar shanya, rataya wayar lantarki ko ta eriya, da lilon yara, duk suna lanƙwasa shi. Haka kuma sheƙar tattabaru da ta sauran tsuntsaye na toshe hanyar ruwa.

Alamomin da ake gane matsala

Mai gida ba ya bukatar hawa sama kafin ya gane indararonsa ya fara lalacewa. Idan ya tsaya a kusurwar ɗaki ya dubi tsawon indararon, ya kamata ya ga layi miƙaƙƙe mai ɗan gangara zuwa wajen bututu. Duk inda ya ga ciki, ko ya ga haske tsakanin indararo da katako, to wurin ya saki.

Sauran alamomin sun haɗa da ruwan da ke ambaliya ta gefen indararo lokacin da ake ruwa alhali bututu ba ya kawo komai, da ɗigar ruwa da ke ci gaba sa'o'i bayan an ɗauke ruwa, da zanen tsatsa ko kore-kore a jikin bango, da ramin da ruwa ya haƙa a ƙasa daidai ƙarƙashin bakin rufi, da ciyawar da ta tsiro a cikin indararo, da ƙusoshin da ake tsinta a gindin bango. A cikin ɗaki kuma akan ga danshi a saman bango ko tabo a silin. Lokacin da ya fi dacewa a gane waɗannan abubuwa shi ne lokacin da ake tsakiyar ruwa, muddin babu tsawa da walƙiya; mai gida ya leƙa daga ƙofa ko ya zagaya da lema ya ga inda ruwan ke bi.

Illolin sakaci

Babbar illa ita ce lalacewar gini. Ginin ƙasa yana jure ruwan da ya taɓa shi ya wuce, amma ba ya jure ruwan da ke zuba wuri ɗaya dare da rana. Indararon da ya lotsa yana tattara ruwan rufi gaba ɗaya ya zuba shi a wuri guda, ya zaizaye yaɓe, ya jiƙa tubali, ya kuma tausasa gindin bango. Bangon da gindinsa ya sha ruwa yana iya zama ba tare da wani gargaɗi ba, kuma sau da yawa cikin dare hakan ke faruwa, lokacin da iyali ke barci. Ambaliyar kogi irin wadda aka gani a shekarun 2012 da 2022 ta fi ƙarfin magidanci, amma ruwan rufinsa yana hannunsa. Ginin bulo ma bai tsira ba, domin ruwan da ke kwanciya a gindinsa yana sa ƙasa ta zauna, bango ya tsage, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Illa ta biyu ta shafi lafiya. Sauro na bukatar kimanin mako ɗaya zuwa kwana goma ne kawai daga ƙwai zuwa tashi, saboda haka ruwan da ya kwanta a cikin indararo ya ishe shi hayayyafa. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara yana son irin wannan ruwa na cikin mazubi, shi kuma mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan kududdufan da ke taruwa a ƙasa, irin waɗanda indararo mai yoyo ke bari a gindin bango.

Illa ta uku ita ce asarar ruwa. A ƙauyukan da mata da yara ke tafiya mai nisa neman ruwa, indararo mai kyau yana iya cika randuna da duro na gida a ruwa ɗaya. Wanda ya lotsa kuwa ya zubar da rabi a ƙasa, sauran rabin kuma ya gurɓata shi da taɓo.

Illa ta huɗu ita ce saɓani da maƙwabta. Ruwan rufin wani idan yana zuba a katangar wani ko a tsakar gidansa, ƙara ce ke zuwa gaban mai unguwa ko dagaci kowace damina. Shari'a da al'ada duk sun hana mutum ya cutar da maƙwabcinsa, kuma alhakin kowane mai gida ne ya kai ruwan rufinsa inda ba zai ɓata wa kowa ba.

Lokutan dubawa a shekara

Ya kamata a duba indararo aƙalla sau uku a shekara.

Na farko da bazara, cikin watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan farko. Wannan shi ne babban aiki: a kwashe shara, a ƙarfafa mariƙai, a sauya katakon da ya lalace, a gwada gangara. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma sanar da shi a gidajen rediyo, saboda haka ana iya sanin lokacin da ya kamata a ce an gama. Kada a bari sai an yi ruwan shuka, domin daga nan hankalin kowa ya koma gona.

Na biyu a tsakiyar damina, ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, kafin ruwa ya kai ƙarfinsa. A nan ana kwashe abin da ruwan farko ya wanko ne, a kuma ɗaure abin da iska ta sassauta.

Na uku da kaka, cikin watan Oktoba ko Nuwamba. A share, a bar indararo ya bushe, a kankare tsatsa a shafa fenti. Gyaran da ke bukatar kuɗi ya fi sauƙi a wannan lokaci, tun da an kawo amfanin gona gida, kuma kafintoci da magina ba su cikin matsi irin na gab da damina.

Bayan waɗannan, duk lokacin da aka yi iska mai ƙarfi, a zagaya a duba washegari.

Yadda ake sharewa

Kayan aikin su ne tsani mai ƙarfi, da bokiti, da ƙaramin cokalin magina ko guntun jarka da aka yanka, da tsintsiya, da safar hannu saboda kaifin kwano da kunama. A fara daga bakin bututu a yi baya, domin kada a tura shara cikinsa. A zuba abin da aka kwaso cikin bokiti, kada a watsa shi kan rufi. Ya fi sauƙi a yi wannan aiki lokacin da sharar take bushe.

Bayan an kwashe, sai a zuba bokitin ruwa ɗaya a ɓangaren da ya fi tudu, a lura da tafiyarsa. Idan ya wuce ya fita ta bututu bai bar komai ba, gangara tana nan daidai. Inda ya tsaya kuwa, a yi wa wurin alama da alli ko gawayi. Idan bututu ne ya toshe, a zura masa doguwar waya ko gora daga sama, ko a kwance gwiwarsa a karkaɗe. Yana da amfani a sa ɗan ragar waya a bakin bututu domin tare ganye da leda, amma a sani ita ma ragar tana bukatar sharewa. Rassan itacen da suka rufo kan rufi kuma a sassabe su.

Yadda ake gyara indararon da ya lotsa

Da farko a gwada katakon bakin rufi ta hanyar danna masa bakin wuƙa ko ƙusa. Idan ya nutse cikin sauƙi, katakon ya mutu, sai a sauya shi. Buga sabuwar ƙusa a ruɓaɓɓen katako ɓata kuɗi ne. Sabon katako a shafe shi da maganin gara, a yi masa fenti ta kowace fuska kafin a kafa shi. Masu amfani da baƙin mai wajen korar gara su kula kada ya taɓa cikin indararon da ake tara ruwan amfani da shi.

Sai a ja zare. A kafa ƙusa a ɓangaren tudu, a sami daidai da ita a ɓangaren bututu ta amfani da tiyon ruwa irin wanda magina ke awo da shi, sannan a sauko da wannan ɓangare gwargwadon gangarar da ake so. Mafi ƙarancin gangara ita ce kwatan inci a kowace ƙafa 10. Amma a wurarenmu da ƙura ta yi yawa, ya fi kyau a ba da santimita 1 a kowace mita 2, watau indararo mai tsawon mita 10 ya sauka da santimita 5 a wajen bututu. Kada gangarar ta yi yawa har ƙarshen indararo ya yi nisa da bakin kwano, domin ruwa mai ƙarfi zai tsallake shi. Idan tsawon ya wuce mita 12, a ɗaga tsakiya a sa bututu biyu, ɗaya a kowane gefe.

Daga nan sai a jera mariƙai bisa zaren, da tazarar ƙafa biyu, watau santimita 60, kada kuma ta wuce ƙafa uku ko ta halin ƙaƙa. A ƙara mariƙi kusa da kowace mahaɗa, da kowace kusurwa, da bakin bututu, domin nan ne nauyi ya fi taruwa. Ƙusa mai zare, wadda ake ɗaurawa da sukundireba, ta fi ƙusar bugawa riƙo, kuma ya kamata ta kasance wadda ba ta tsatsa. Inda babu katakon bakin rufi, ana iya ɗaure mariƙai a jikin katakan da ke ɗauke da kwano. Ɗaurin waya da wasu ke yi dabara ce ta wucin gadi, ba ta wuce damina ɗaya.

Indararon kwano da ya ɗan lanƙwasa ana iya sauke shi a miƙar da shi a kan katako. Wanda ya karye ko tsatsa ta huda shi wuri da yawa, a yanke ɓangaren a sa sabo. Wajen haɗa guda biyu, na sama ya hau kan na ƙasa ta fuskar da ruwa ke tafiya, a kuma liƙe mahaɗar. Ƙaramar huda ana toshe ta da kwalta da ƙyalle bayan an kankare wurin ya bushe. Bakin kwanon rufi ya kamata ya leƙa cikin indararo kamar sulusin faɗinsa zuwa rabi.

A ƙarshe a kula da inda bututu ke sauke ruwa. Ya kamata ya kai shi aƙalla mita ɗaya daga gindin bango, a kan duwatsu ko daɓen siminti, daga nan ya bi wuriya zuwa magudanar waje.

Indararon soro

Shi indararon soro sunkuyawa yake yi idan ƙasar da ke riƙe da gindinsa ta wanke. Da zarar ya saki, ruwa sai ya riƙa bin ƙarƙashinsa yana shiga cikin bango da kan azara, wanda shi ne wuri mafi haɗari a ginin soro. Kowace bazara, lokacin yaɓe, magini ya duba gindin kowane indararo, ya cire ƙasar da ta saki, ya tallafe shi da guntun azara daga ƙasa, ya mayar da yaɓe mai kauri a kewayensa. Gindin ya shiga cikin rawani sosai, bakinsa kuma ya ɗan karkata ƙasa.

Magina na da magungunan ruwa da suka gada. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, da gashin jima, da dafara. Inda ake samun waɗannan har yanzu suna aiki. Masu amfani da siminti su lura cewa siminti ba ya kama ƙasa sosai. Yakan ɓamɓare ya bar rata, ruwa ya shiga bayansa ba a sani ba. Haka kuma a tabbata daɓen saman soro yana gangarowa zuwa indararo, a cire ciyawar da ta tsiro, a kuma jera duwatsu a ƙasa inda ruwan ke faɗuwa domin kada fantsaminsa ya ci gindin katanga.

Ga masu tara ruwan sama

Ruwan farko na damina wankin rufi ne, yana ɗauke da ƙura da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, saboda haka a kawar da bututu daga duro a bar shi ya zube. A kowane ruwa ma, a bar na mintocin farko ya wuce kafin a tara. A rufe duro ko tanki da murfi ko ƙyalle mai tsabta saboda sauro da faɗawar yara. Ruwan da za a sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa bisa shawarar ma'aikatan lafiya.

Kiyaye haɗari

Faɗowa daga tsani na iya jawo karaya ko asarar rai, saboda haka kada mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai. A sami mai riƙe tsani. Gindin tsani ya yi nesa da bango da ƙafa ɗaya a kowace ƙafa huɗu ta tsawo, a kan ƙasa mai ƙarfi. A jingina shi da bango, kada a jingina da indararo. A sauko a matsar da tsani maimakon miƙa jiki gefe. A kula da wayar lantarki da ta shigo gida, musamman idan tsanin na ƙarfe ne. Kada a hau rufi yana jiƙe, ko hadari ya taso, kuma kada a tura ƙananan yara. Tsofaffi da marasa lafiya su nemi matasan unguwa ko kafinta.

Aikin hukumomi da shugabannin al'umma

Gine-ginen jama'a sun fi gidaje fama da wannan matsala, domin rufinsu ya fi faɗi kuma babu wanda yake ganin nasa ne. Makarantu musamman suna cikin dogon hutu a watan Agusta, daidai lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, saboda haka ya kamata shugaban makaranta da kwamitin kula da makaranta su tabbata an share kuma an ɗaure indararo kafin a rufe, a kuma ɗora wa maigadi alhakin kai rahoton duk abin da ya gani.

Ana shawartar sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma ya riƙe littafi mai ɗauke da sunayen makarantu, da asibitoci, da rumfunan kasuwa, da ranar da aka duba kowanne, da abin da aka samu, da ranar da aka gyara. Wajen ba da kwangilar gini kuma, a rubuta kaurin kwanon indararo, da tazarar mariƙai, da gangara, da yawan bututu a cikin takardar aiki, a kuma gwada da ruwa a gaban jami'i kafin a karɓi gini. Yana da kyau a riƙe ragowar kuɗin ɗan kwangila har gini ya ga ruwa.

Ma'aikatan duba-gari su sa indararo cikin abubuwan da suke dubawa yayin zagayen gidaje. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuma su sa a yi shela tun watan Afrilu, limamai su tunatar, a kuma yi amfani da ranar tsabtar muhalli ta wata-wata a inda ake yin ta. Ƙungiyoyin matasa da na aikin gayya na iya ɗaukar nauyin gidajen tsofaffi, da na matan da mazansu suka rasu, da na waɗanda masu gidan suka tafi cin rani.

Kammalawa

Abin da ake bukata domin indararo ya daɗe bai wuce shara sau uku a shekara, da mariƙi a kowace ƙafa biyu, da katako mai lafiya, da gangarar da ta fuskanci bututu ba. Kuɗin 'yan ƙusoshi da aikin rabin yini da bazara ba za a haɗa shi da kuɗin tayar da bangon da ya faɗi a watan Agusta ba. Ana kira ga jama'a da su duba nasu tun kafin hadari ya fara haɗuwa, su kuma sanar da mai unguwa ko ofishin ƙaramar hukuma idan sun ga na wani ginin jama'a ya lalace. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyaye mu daga sharrin ruwa, amin.